Sitacin rogo: da gaske yana sauke suga, kuma injinsa zai fitar da kuɗinsa a Arewa?

Alhaji Bala: Assalamu alaikum. Tambaya biyu gare ni ga masanan wannan zaure. Ta farko, akwai saƙon da ke ta yawo a waya cewa sitacin rogo yana sauke suga, yana gyara hanji, yana rage teɓa. Mene ne gaskiyarsa? Ta biyu, idan mutum zai kafa ƙaramar masana'antar sitaci a wajejen Nasarawa ko kudancin Kaduna, mai fitar da tan biyu zuwa biyar a rana, me zai tanada, kuma a ina masu yi suke faɗuwa? Ina neman bayani dalla-dalla, Allah ya saka.

Dakta Maryam: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in ɗauki ta farko don ita ce mai haɗari. Sitacin rogo ba ya sauke suga, ɗaga shi yake yi. Idan an gama tace shi aka shanya, abin da ya rage kusan tsantsar abinci mai ba da ƙarfi ne, wajen kalori 350 a giram 100. Furotin ɗinsa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, mai babu, harza babu, bitamin C ɗin da ke cikin ɗanyen rogo kuma ya bi ruwan wanki. Da an dafa shi, hanji yana mayar da shi gulukos cikin sauri. Mai ciwon suga da ya sha kofin kununsa da safe, ya gwada jininsa bayan awa biyu, zai gani da idonsa. Don Allah kada kowa ya ajiye maganinsa saboda wannan saƙo.

Amfaninsa na gaskiya yana nan. Ba shi da guluten, saboda haka wanda alkama ke lalata wa hanji zai iya cin burodi ko cincin da aka haɗa da shi, muddin ba a niƙa shi a injin da aka niƙa alkama ba. Yana da sauƙin narkewa, ba shi da wari ko ɗanɗano mai tayar da zuciya. Kuma da yake furotin da gishirinsa kaɗan ne ƙwarai, ana sa shi a abincin wasu marasa lafiya da likita ya taƙaita wa furotin. Wannan kuwa da umarnin likita ne, ba da saƙon waya ba.

Hajiya Rabi: Dakta, ina tare da ke, sai dai maganar hanjin tana da ɗan tushe da ya kamata a faɗa. Akwai nau'in sitaci da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani su ci shi. Shi ne ake ta yi wa talla. Kamfanoni a Tailan da wasu ƙasashe suna sarrafa sitacin rogo da sinadarai ko da inzayim, wato sinadarin halitta mai farfasa wasu sinadarai, su mayar da shi irin wannan, su sayar da tsada. Masu rubuta saƙon sun ɗauki sakamakon wancan sun liƙa wa na kasuwa.

Dakta Maryam: Haka ne, Hajiya. Wancan kaya ne daban. Na kasuwarmu, da zarar an dama shi da tafasasshen ruwa ya zama mai saurin narkewa. Idan dafaffen sitaci ya huce, wani ɗan kaso yana sake ɗaurewa ya ƙi narkewa, amma abin da ke ɗaurewar shi ne wani ɓangare na sitacin da ake kira amilos, kuma na rogo bai wuce kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari ba, ƙasa da na masara. Abin da za a samu ta nan bai isa a gina magani a kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaye. Uwa ta ga kunu fari tas, mai santsi, yaro yana sha ba gardama, sai ta ɗauka abinci ne. Yaron da aka ɗora a kan kunun sitaci zalla cikinsa zai cika, jikinsa na ramewa, ƙafa na kumbura, gashi na yin ja. Tamowa ke nan. In dole ne a yi amfani da shi, a haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin waken suya da aka soya, madara ko garin kifi. Gero da dawa ma sun fi shi nesa ba kusa ba wajen yaye.

Malam Isuhu: Alhaji, ni a kan gona zan tsaya, domin yawancin masana'antun da suka tsaya ba injin ne ya kashe su ba, rashin rogo ne. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, sai mutum ya ɗauka rogo a banza yake. To kusan duk wannan cikin tukunya yake tafiya: garin kwaki, alabo, fufu. Kai da mai tuyar kwaki kuke takara a kan saiwa ɗaya, kuma duk shekarar da kwaki ya yi tsada manomi wajenta zai kai.

Ga lissafin. Ɗanyen rogo kashi 60 zuwa 65 ruwa ne, sitacin ciki kashi 20 zuwa 30 gwargwadon iri da lokacin tono. Babbar masana'anta tana cin tan huɗu zuwa biyar na saiwa ta fitar da tan ɗaya. Ƙarama ta sa tan biyar zuwa shida a lissafinta. Kai mai neman tan biyar a rana, tan 25 zuwa 30 ke nan kullum. A kwana 250 na aiki, kana maganar tan dubu bakwai. Matsakaicin amfanin hekta a ƙasar nan bai kai tan 10 ba. Ko ka samu masu noma da kyau suna cire tan 15, kana buƙatar hekta kusan 470, kuma ba a shuka su rana ɗaya ba, sai an jera shukar yadda tono zai riƙa zuwa wata bayan wata.

Iri kuma: TME 419 shi masu sitaci suka fi nema, yana miƙewa sama ba rassa da yawa, saiwarsa na da nauyin gari. Akwai TMS 30572 da ya daɗe a hannun manoma. A ƙarshen 2020 an saki sababbi guda biyar, daga ciki akwai Game Changer da Obasanjo-2 da aka yi don masu sarrafawa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike su ne tushen waɗannan. A yanka kara santimita 20 zuwa 25, tazara mita ɗaya da santimita 80, wato tushe 12,500 a hekta. Wata uku na farko ciyawa ce abokiyar gaba. A tone a wata 10 zuwa 12. In ya wuce haka da yawa saiwa tana yin ice, injin gurza ya sha wuya.

Alhaji Bala: Malam, to me zai hana a kafa injin a Kano inda kasuwa take, a riƙa kawo rogon daga Binuwai ko Kogi da tirela?

Malam Isuhu: Abu biyu, ranka ya daɗe. Na ɗaya, kashi biyu cikin uku na abin da tirelar ta ɗauko ruwa ne, kana biyan kuɗin mota a kan ruwa. Na biyu, rogo ba ya jira. Daga awa 24 zuwa 72 bayan tono, saiwa tana fara zane-zane shuɗi-baƙi daga inda fartanya ta sare ta. Ka karya ɗaya ka duba, za ka ga layukan sun zagaye ciki. Daga nan sitacin ya fara komawa suga, launinsa ya dushe, ruɓa ta biyo baya. Ƙa'ida ita ce a gurza cikin kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sitaci busasshe kuwa yana shekara a buhu, shi ake kai wa Kano. Dubi inda masana'antun sitaci suke: Psaltry a karkarar jihar Oyo, Matna a Akure, Nigerian Starch Mills a Ihiala ta Anambara. Duk a tsakiyar masu noman rogo suka zauna.

Sai a lura da yanayi. Farkon damina, rogo yana ɗebo abin da ya tara a saiwa don ya fitar da sabon ganye, sitaci ya faɗi. Tsakiyar rani sitaci yana sama, amma ƙasa ta yi tauri, saiwa tana karyewa a ciki, kuɗin tono ya ƙaru. Wanda bai sa waɗannan watanni a lissafi ba zai ga injinsa a tsaye.

Injiniya Auwalu: Sannunku da ƙoƙari. Alhaji, aikin a taƙaice irin na gasarar koko ne: a markaɗa, a tace, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Bambancin yana wajen sauri da tsabta. Bari in bi shi daga ƙofa.

A bakin ƙofa kada ka sayi rogo da awon mota. Ka auna nauyi, sannan ka auna sitacin. Ana ɗibar kilo biyar daidai a kwandon waya, a nutsa shi cikin duro na ruwa yana rataye a sikeli. Gwargwadon nauyin da ya rage masa a cikin ruwa, gwargwadon sitacinsa, sai a duba jadawalin da ke nuna yawan sitaci a kan kowane nauyi. Jadawalan sun ɗan sha bamban, don haka ku tsayar da guda ɗaya kai da manoma tun kafin shuka, farashi ya bi shi. In ba haka ba za a riƙa kawo maka rogo mai ruwa da kututture da ƙasa.

Daga nan sai a sare kan saiwar mai ice, a wuce da ita gangar da ke juyawa ta kakkaɓe ƙasa, sannan kwamin wanki mai fukafukai da ke goge ɓawon nan na waje mai ruwan ƙasa. A babban inji ba a fere farin ɓawon ciki, don akwai sitaci a jikinsa. Ƙaramin wuri da rariyarsa ba ta da ƙarfi gara ya fere duka, ko da zai yi asarar wani abu, don ya samu fari. Dutse ɗaya da ya tsallake wanki ya isa ya zubar da haƙoran injin gurza, saboda haka a sa mutum a kan bel yana tsincewa.

Gurza ita ce zuciyar aikin. Sitaci a cikin ƙwayoyin naman rogo yake a kulle, wanda ba a fasa ba ya tafi cikin dusa. Magurjin kwano da aka huda da ƙusa, irin na masu kwaki, yana barin kaso mai yawa. Na masana'anta ganga ce da aka jera wa reza irin ta zarto, tana gudu da ƙarfi, tana fasa sama da kashi 90. Haƙoran suna dakushewa, a riƙa juya su ko a canza. Gwajin da kowa zai iya: ɗebi dusar da ta fito, ka sake markaɗa ta sosai, ka matse a cikin kofin ruwa mai haske. In ruwan ya yi fari kamar nono, kuɗinka na tafiya wajen awaki.

Tacewa hawa biyu ce aƙalla. Rariya mai faɗin ido ta cire dusa, sannan mai laushi, raga mai lamba 100 zuwa 200, ta cire ƙananan zare. Ana fesa ruwa a kai a kai. Daga nan hanya ta rabu. Mai kuɗi yana tura ƙullun cikin jerin ƙananan mazurarai da ke wulwula ruwa, su raba sitaci da ruwan rogo cikin mintuna, sannan injin matsa mai juyawa ya sauke danshi zuwa wajen kashi 35. Mai ƙaramin ƙarfi yana zuba ƙullun a kwami mai tayil, ya bar shi awa shida zuwa takwas, ya tsiyaye ruwan, ya kankare dattin saman nan mai ruwan ɗorawa, ya sake dama shi da sabon ruwa, ya sake bari ya kwanta. Abin da ya kwashe zai zo da danshi kashi 45 zuwa 50.

Inda ake lalata kaya a kwami shi ne barin ƙullu ya kwana biyu. Ruwan rogo na da suga, a zafinmu tsami yake farawa nan da nan. Sitaci mai tsami kaurinsa yana raguwa, yana wari, kamfani zai mayar maka da shi. A Kolombiya da Burazil da gangan suke barinsa makonni ya yi tsami su shanya a rana, don yana sa burodinsu na cuku ya tashi. Wannan kasuwa ce tasu, mai sayenka a nan ba ita yake nema ba.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka bar maganar ruwa, kuma ita ce ke hana mutane samun fari. Rijiyar burtsatse da yawa a yankin da Alhaji ya ambata suna da sinadarin ƙarfe. Ƙarfe in ya haɗu da gubar rogo, sitaci yana yin shuɗi-shuɗi ko toka-toka, kuma babu wankin da zai mayar da shi. Haka in injin gurza ko kwamin na baƙin ƙarfe ne mai tsatsa. Duk inda ƙullu zai taɓa ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, ko roba, ko tayil. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin a sayi fili, ba bayan an yi gini ba. Yawansa kuma ba wasa ba: ko masana'antar da ke sake juya ruwanta tana shan lita dubu goma zuwa ashirin a kan tan ɗaya na sitaci, mai kwami ya fi haka.

Injiniya Auwalu: Gaskiya ne, Hajiya. Sai busarwa, inda man dizal ke tafiya. Ana son danshi ya sauka kashi 12 zuwa 13. A tan ɗaya na busasshe akwai kilo 870 na tsantsar gari. In ka shiga da danshi 35, ruwan da za ka ƙone wajen kilo 340 ne. In ka shiga da 45, ya kai kilo 580. Wannan tazarar ce ke sa injin matsa ya biya kuɗinsa. Injin busarwa dogon bututu ne da iska mai zafin digiri 170 zuwa 200 ke ɗaukar garin ta cikinsa, cikin 'yan daƙiƙu ya bushe ya faɗo. Garin kansa ba ya yin wannan zafi saboda ruwan da ke fita yana sanyaya shi. Amma in aka tura jiƙaƙƙe da yawa, ko iska ta yi rauni ya daɗe a ciki, zai dahu. Sitacin rogo mai ruwa yana fara dahuwa daga wajen digiri 60. Alamarsa ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli, masu tauri, da ba sa wuce rariya. Kuma hayaƙin murhu kada ya taɓa garin, iska mai tsabta ake ɗumamawa ta jikin bututu. Ga mai tan biyar a rana ban ga hanyar da ta wuce wannan inji ba.

Garba Mai Kwali: Injiniya, a nan ban yarda da kai duka ba. Mu Arewa Allah ya ba mu rana da busasshiyar iska daga Nuwamba zuwa Afrilu. Mai tan ɗaya ko biyu zai iya shanya a kan tebura masu baƙar leda, kauri kada ya wuce santimita biyu, ana motsawa duk awa, ya bushe a wuni ɗaya ko biyu. Kuɗin injin busarwa da mansa kaɗai ya isa ya durƙusar da mai farawa. Kuma ba kowane mai saye ke neman na ci ba. Masu yin kwali suna dama shi da soda da boras su yi gam ɗin da ke manne takardun. Masu wanki da guga, masu rini, masu bugun shadda, duk suna saye, ba wanda zai tambaye ka takardar gwaji.

Hajiya Rabi: Malam Garba, watannin da ka lissafa yawancinsu na hunturu ne, ƙura kuma a kan farin gari take sauka. Ka zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ka motsa, ka bari ya kwanta, ka dubi gindin kofin, za ka ga yashi da ɗigo-ɗigo baƙi. Ka tauna kaɗan, zai yi ƙaras-ƙaras a haƙori. Na gam da na tufa zai wuce, na yarda. Amma masu dunƙulen miya, masu kastad, masu haɗa ƙwayar magani, suna auna danshi, fari, toka, tsami, kauri da yawan ƙwayoyin cuta, kuma suna son buhun yau ya zama daidai da na wata uku da suka wuce. Sannan sai da rajistar NAFDAC da cika ma'aunin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Tazarar farashi tana wajen na ci. In za a yi shanya, aƙalla a yi rumfa mai rufin leda mai haske da raga a gefe, teburan su tashi daga ƙasa.

Garba Mai Kwali: Rumfar na karɓa. Amma ina nan a kan cewa mai farawa ya fara da kasuwar da ba ta da wuyar sha'ani, ya koyi gurza da tacewa, ya san manomansa, sannan ya sayi bututu. Injuna nawa aka shigo da su suna kwance a ƙarƙashin tamfol saboda an saye su kafin a san inda rogo zai fito?

Tunda an zo nan, jan kunne ɗaya: sitacin tufa da na gam ba na ci ba ne. Ana zuba masa turare, bula, boras ko maganin hana ruɓa. Kada a ga fari a leda a kasuwa a dama wa yara.

Alhaji Bala: Ina biye da ku. To gubar rogon fa? Wadda ake cewa ta kashe iyali guda, ba ta bin sitacin?

Dakta Maryam: Sitacin da aka wanke da kyau shi ne mafi tsira a duk abin da ake yi da rogo. Dalili kuwa: a cikin naman rogo akwai sinadarin linamarin, akwai kuma inzayim ɗin da ke fasa shi, kowanne a ɗakinsa. Gurza tana haɗa su, sai gubar sayanayid ta fito. Ita kuma tana narkewa a ruwa, tana tashi a iska tun daga digiri 26. Wanki biyu zuwa uku da busarwa suna tafiyar da ita kusan duka. Shi ya sa masana'anta ke iya aiki da rogo mai ɗaci.

Haɗarin yana wajen alabon da aka yi da gaggawa. An fere rogo mai ɗaci, an yanka manya-manya, an baza a bakin titi ba a jiƙa ba. Rana ta busar da shi kafin inzayim ya gama aiki, gubar ta zauna a ciki. Rogon da ake kira mai daɗi yana ƙasa da miligiram 50 a kilo, mai ɗaci yana ninka haka sau da yawa, kuma ƙarancin ruwan sama yana ƙara masa. Ma'aunin duniya na garin rogo shi ne kada ya wuce miligiram 10 a kilo. A jiƙa feraren rogo kwana uku zuwa biyar har ya yi laushi kafin shanya. In an riga an sayi garin kuma ana shakkarsa, a kwaɓa shi da ruwa, a baza a faranti kauri bai wuce santimita ɗaya ba, a bar shi awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana, sannan a tuƙa. Na dafawa a yanka ƙanana, ruwa ya sha kansa, tukunya a buɗe, a zubar da ruwan.

Wanda ya ci ya fara jiri, ciwon kai, amai, ciwon ciki, numfashi sama-sama cikin 'yan awoyi, asibiti kai tsaye. Manja ko madara ba makari ba ne, ɓata lokaci ne. Na dogon lokaci kuma akwai konzo, shanyewar ƙafafu farat ɗaya da ba ta warkewa, wadda aka sani a Kwango tun shekarun 1930, ta kuma ɓarke a arewacin Mozambik lokacin ƙarancin ruwan sama na 1981. A kudu maso yammacin ƙasar nan Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi bincike a kan wata cutar jijiya mai alaƙa da yawan cin rogo. Jiki yana kashe gubar ne da sinadarin da yake samu daga furotin, shi ya sa ta fi kama masu cin rogo ba wake ba kifi. Abin da jiki ke mayar da ita kuma yana tare aidin, ya tsananta maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci.

Malam Isuhu: Ƙari kaɗan a kan lafiya: rogon nan mai ruwan ɗorawa mai bitamin A, da aka fara saki a 2011, amfaninsa yana cikin kwaki da dafaffe. In aka yi sitaci da shi launin da bitamin ɗin duk wanke su ake yi, kuma masu saye fari suke so. Kada a shuka shi don masana'anta. Ganyen rogo ma ya fi saiwar furotin nesa, a Kwango da Saliyo miya ce ta yau da kullum, amma sai an daka shi an dafa sosai don shi ma yana da gubar.

Injiniya Auwalu: Gubar da Dakta ta ce ta bar sitaci, ruwan wanki ta koma, kuma wannan ruwan shi ke haɗa masana'anta faɗa da gari. Akuya ko saniya ta sha na farko, mai kauri, za ta iya mutuwa. In ya shiga rafi yana ruɓewa ya cinye iskar ruwan, kifi ya taso, wari ya hana maƙwabta sakat. A haƙa tafkuna aƙalla uku a jere, a kewaye su da waya, ruwan ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan na tsawon makonni kafin a sake shi, kuma a nisanta su da rijiya. A Tailan, wadda ta fi kowa fitar da sitacin rogo waje, manyan masana'antu suna rufe tafkin farko da tamfol mai kauri su tara iskar gas ɗin da ke tashi, da ita suke hura injin busarwa. Ɗakin gurza kuma ya zama mai tagogi ta ko'ina, don ma'aikata suna shaƙar abin da ke tashi.

Dusa da ɓawo kuɗi ne in an matse an shanya da wuri. Masu kiwo suna saye, musamman da rani. A jiƙe kwana biyu sun yi tsami da fumfuna, kuma ɗanyen ɓawo ya fi naman rogon guba, kada a zuba wa dabba sai ya bushe.

Hajiya Rabi: Saura maganar hodar farin nan, sodiyam metabaisalfayit. Ana sa kaɗan a ruwan tacewa don ta hana baƙi da tsami, amma sai an wanke ta fita, domin ragowarta tana tayar wa masu asma, kuma kamfanonin abinci suna auna ta. Wanda ya gurza rogonsa a ranar tono da ruwa mai kyau, buƙatarsa gare ta kaɗan ce. Ba ta gyara rogon da ya kwana huɗu. Bayan busarwa a bari garin ya huce kafin a ɗura, in ba haka ba gumi zai taru a cikin ledar buhu ya yi dunƙule. Buhu mai leda a ciki, a kan katako, nesa da bango, nesa da fetur da sabulu don yana ɗaukar wari.

Alhaji Bala: Allah ya ƙara ilimi. Injiniya, a cikin injunan nan wanne za a iya ƙerawa a gida, wanne ne sai an shigo da shi?

Injiniya Auwalu: Gangar wanki, injin sara, kwamaye, rariyar girgiza da teburan shanya duk maƙeranmu za su yi, in ka tsaya a kansu suka yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa na gaske. Ka je da mayen ƙarfe, irin wanda aka fi so a aikin abinci ba ya kama shi sosai. Injin busarwa ma ana ƙera shi a ƙasar nan, sai dai ka nemi a kai ka inda wani nasu yake aiki, ka auna litar man da yake sha a kan kowane tan kafin ka biya. Injin gurza mai gudu da injin matsa mai juyawa su ne ban ba da shawarar a yi gwaji da su ba, don in saitinsu ya kauce kaɗan suna cin boris kuma suna iya tarwatsewa a kan ma'aikaci. Ranar da za ka saye su ka haɗa da rezar gurza saiti uku da ragar rariya ta canji, ka kuma tabbatar janaretanka zai iya tayar da motar injin gurzar, domin a lokacin tashi tana jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinta sau da yawa.